Takardar Da Na Karanta Miki A Juye, Komadre Otilia

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Doña Otilia Murayari a gidanta da ke ƙauyenmu Shiringal, a bakin kogin Marañón, bayan ta yi wata goma sha huɗu tana fama da ciwon dajin bakin mahaifa. Shekarunta hamsin da uku. Ta bar mijinta Don Abelardo da 'ya'ya biyar da jikoki tara.

Ba na nan kika cika, komadre. Ina kan ruwa 'yata Lisbet, wadda kika riƙe a hannunki ranar baftismarta har muka zama komadre da kompadre, ta kira ni ta faɗa mini. Ta ce tun ranar Lahadi ba ki da wata magana sai tambaya ɗaya, duk wanda ya hawo matakalar gidan sai kin buɗe ido kin tambaye shi ko Nimia, 'yar riƙona, ta shiga jirgin. Babu wanda ke da amsa, haka kika tafi da tambayarki. Amsar tana wurina, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan takarda da za a karanta a coci ranar cikar kwana tara. Amma sai na fara da abin da kowa a Shiringal ya sani, ni kuwa ban taɓa furta shi a gaban jama'a ba.

Ni ne Teobaldo Ahuanari. Shekara talatin ke nan ina jigilar mutane da ayaba da kaji a kwale-kwalena tsakanin ƙauyenmu da Nauta. Aji huɗu na yi a makaranta, wanda a zamaninmu ya isa a ce mutum ya yi karatu. Don haka wasiƙa ko takardar hukuma ko rubutun jikin kwalbar magani, duk ni ake kawo wa. Nakan ɗora tabarau a karan hanci, in gyara murya, in karanta. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Ke kaɗai ce ba ki taɓa barin kaina ya kumbura ba. Kikan ce tabarauna sun fi ni ilimi, injin jirgina kuma ki ce tsoho ne mai tarin asuba, wata rana sai ya kashe mu gaba ɗaya.

Bakinki da kaifi, hannunki kuma a buɗe. Shekarar da matata Dorila ta rasu, wata uku cur tukunyar gidana ba ta hau wuta ba, kullum sai ga kwano daga gidanki, kifi da dafaffiyar ayaba, wani lokaci da zagi a kai cewa na bar yara da ƙazanta. Da kogi ya ci ƙanena, na ɗauko 'yarsa Nimia tana da shekara bakwai na riƙe ta, ke ce kika riƙa tsefe mata kai a gaban babban kaskon da kike soya garin rogo, ke kika koya mata duk abin da uwa ke koya wa 'yarta. Ni take kira Baba, ke kuma Inna. Ko yau duk wanda ya sayi garin rogo a tashar Nauta ya ji yana ƙaras-ƙaras sai ya tambaya ko na Otilia ne.

Shekara biyar da suka wuce jirgin ma'aikatan lafiya ya tsaya a gaɓarmu, aka ce mata su zo a yi musu gwajin bakin mahaifa. Matan suka taru a gindin mangwaro, wannan na tura waccan, maza kuma suna gefe suna gunaguni cewa ba a buɗe matar mutum a gaban baƙi. Kika sauke ludayin suya, kika goge hannu a jikin siket, kika shige bayan labulen ba ki kalli kowa ba. Da kika fito kika ce ƙarfen da sanyi, iyakarsa ke nan, macen da ta haifi biyar me ya rage ta ji kunyarsa. Mata goma sha huɗu suka bi bayanki, har da Nimia, lokacin tana goyon farko.

Sakamakon bai fito ba sai bayan wata uku, ruwa ya cika ya shanye filin ƙwallo. A Nauta aka miƙa mini ɗaurin ambulan aka ce in kai wa nas ɗin ƙaramin asibitinmu. Nas kuwa an yi mata canjin wurin aiki, ba a turo wata ba, ƙofar da kwaɗo. Ina ɗaure jirgi mata suka kewaye ni. Da ina da hankali da na mayar da takardun inda na karɓo su na tambaya. Sai na zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, na ɗora tabarau.

Rubutun likitoci ne, dogayen kalmomin da ban taɓa gani ba. Abu ɗaya na gane, a ƙasan kowace takarda an rubuta kalma guda da manyan baƙaƙe, ko positivo ko negativo. Waɗannan kam na san su. Kullum a rediyo in ƙungiyarmu ta ci wasa, sakamako positivo ake cewa. In kuma ka je ofis neman wani abu aka ce maka negativo, ka san ka dawo hannu rabbana. Takarda uku ne positivo, taki da ta Doña Celmira da ta Nimia. Na ɗago kai ina murmushi na ce miki:

"Komadre, ke kam kin tsira. Positivo ce, lafiyarki ƙalau."

Kika yi alamar gicciye, kika rungume Nimia. Sauran mata goma sha biyu suka fashe da kuka a nan bakin ruwa. Na ce su je birni, amma wa zai bar gida da yara a tsakiyar ambaliya? Wurin mai maganin gargajiya na bakin rafi suka nufa. Kwana arba'in suna shan ɓawon itace mai ɗaci, ba gishiri, ba naman alade, ba kusantar miji. Dukansu suka warke sarai, tunda dama babu abin da ke damunsu, shi kuma mutumin ya yi suna har ana zuwa masa daga wasu ƙauyuka. Abin da ba ya barina in yi barci shi ne, a cikin kwana arba'in ɗin nan ke ce mai yawo gida-gida da tukunyar romo, kina lallashinsu, kina ce musu su yi haƙuri Allah na nan. Mai ciwon tana jinyar masu lafiya, kuma ni na haɗa wannan da bakina.

Bara a watan Maris Don Abelardo ya ga jini a bencin kwale-kwalenku. Ashe kin yi wata da watanni kina ɓoyewa, kina cewa ƙarshen al'ada ne. Muka kai ki asibitin birnin Iquitos, aka shigar da ni ɗakin likita a matsayin wanda ya iya magana da manya. Likitar yarinya ce, ba ta girmi Lisbet ba. Kika zaro takardarki daga cikin leda, kika miƙa mata da alfahari, kika ce ba dai wancan ciwon ba, an gwada ki tun tuni. Ta karanta, ta duba kwanan watan, ta sake dubawa. Sannan ta tambaya a hankali wa ya yi miki bayanin wannan takarda.

Ga ni nan a ɗakin. Ke kuwa ko inda nake ba ki kalla ba, kika ce mata ke kika karanta da kanki. Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa ba.

Likitar ta ce a takardar asibiti positivo na nufin an ga abin da ake nema. Ta ce a wancan lokacin ba lallai ma ya zama ciwon daji ba tukuna, alama ce kawai ta a dawo a duba, kuma da an dawo da aikin safiya ɗaya ne a ƙone wurin ki koma gida ki ci gaba da suyarki. Yanzu kuwa ya bazu.

A hanyar dawowa muka yi awa uku a kan ruwa. Sai da muka wuce tsibirin nan mai yawan aku kika yi mini alama in kashe inji. Ruwa na jan mu a hankali, Don Abelardo ya sunkuyar da kai, hannunsa a kan addarsa.

"Kompadre, su wa kuma ka ce wa sun tsira?"

Na ce Celmira da Nimia.

"To. Ni ba zan zage ka ba, ba ni da lokacin. Kai ma Abelardo sauke hannunka, sara ba zai mayar da shekara huɗu ba. Celmira tawa ce. Nimia kuwa maganarka kaɗai take ji, sai ka je da ƙafarka ka faɗa mata."

Daga ranar kika zama wata iri. Tsakanin tafiye-tafiyen shan maganin da ya zubar miki da gashi, ba ki zauna ba. Kika sa jikarki ta koya miki harafi biyu, su ne iyakar karatun da kika yi a duniya. Duk Lahadi bayan addu'a sai ki tsaya a ƙofar coci da gawayi a hannu, ki zana su a jikin katako. P, kika ce, mace ce ta ɗauki ƙunshin kaya, ma'ana ɗauki kayanki ki shiga jirgi, kada ki tsaya sauke tukunya. N kuma mace ce ta naɗe ƙafa, ma'ana zauna abinki, sai shekarar gwaji ta zagayo. Mata suka je suka zaro tsofaffin takardunsu daga bayan hotunan waliyyai, suka duba harafin farko, suka dubi juna. Ba wanda ya ce mini komai, domin kin rantse duk wanda ya taɓa kompadrenki kada ya sake zuwa gaban kaskonki. Abin da ya faru kawai, aka daina kawo mini takarda.

Maza ma ba ki ƙyale su ba. Kika same su a filin ƙwallo, kika cire ɗankwali suka ga kanki tal, kika ce duk mai kishin kada likita ya ga matarsa ya zo ya kalli abin da zai riƙa gani a gidansa. Har alƙalin wasa ya manta da usur a bakinsa. Da jirgin lafiya ya dawo a watan Agusta, mata arba'in da ɗaya suka yi layi, wasu mazansu ne suka tuƙo su daga ƙauyukan ƙetare. Celmira kuwa tun makon farko kika sa ta a gaba har Iquitos. An yi mata aikin safiya ɗayan nan, ga ta nan da ranta, ita ce ma ta yi jinyarki har ƙarshe.

Saura Nimia. Shekara uku ke nan mijinta Rusbel ya kwashe su zuwa can saman kogin Chambira inda yake yankan katako, tafiyar kwana biyu, ba waya ba rediyo. Sau uku kika aika mata ta bakin fatake. Sau uku amsa ɗaya ke dawowa, cewa Rusbel ya ce surutun matan ƙauye ne, ita kuma ta ce Babanta ne ya karanta mata da kansa, kuma Babanta ba ya kuskuren karatu. Ni ma na aika, amma abin da na ce kawai shi ne ta daure ta sake gwaji, ban faɗi dalili ba. Da rani na ce ruwa ya janye jirgi ba zai wuce ba. Da ruwa ya dawo na ce inji na ba ni wahala. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na iya jure shirun ƙauye gaba ɗaya, amma na kasa tunanin idon yarinyar nan a kaina. Wata goma sha huɗu ina wannan ragwanta, kina kallona, kina ramewa.

Ranar Alhamis ɗin ƙarshe da la'asar kika aiko a kira ni. Na same ki a ragar kwanciya, kin zama kamar yarinya 'yar shekara goma. Na fara gaisuwa kika katse ni.

"Kompadre, na yafe maka tawa tun a kan ruwa. Ta Nimia ce ba zan yafe ba. In ka bari ta bi ni, kada ka zo kabarina."

Na ce ina tsoron in tafi in dawo ba ki.

"To zamanka zai riƙe ni ne? Tashi ka tayar da tsohon mai tarin nan. In ka ɗauko ta kada ka tsaya a nan, ka wuce kai tsaye. Na san ta, in ta sauka ta gan ni haka ba za ta koma jirgin ba."

Asubar Juma'a na kama hanya. Ranar Asabar da yamma na isa, na kwana a gidansu. Da safiyar Lahadi Rusbel na zaune a bakin matakala yana wasa haƙoran zartonsa, Nimia na fere rogo, na ce ta ɗauko mini takardar nan. Ta kawo da murmushi. Ban ɗora tabarau ba. Na ce mata a juye na karanta, kalmar nan ba albishir ba ce, irin ta Innarta ce, kuma Innarta na bakin mutuwa saboda wannan kalmar.

Rusbel ya ajiye zarto. Ya ce, "Don Teo, wanne za mu ɗauka? Na wancan karon ko na yau? Ka ce lafiyarta ƙalau, mun yarda. Yanzu ka zo ka ce in ba ka matata a kai ta wasu ƙarti su buɗe ta, don tsufa ya fara taɓa ka?"

Na ce ya zage ni yadda ya ga dama, na cancanta. Na durƙusa a gabansa a cikin taɓo, ni da na ba shi aurenta. Na kwatanta masa yadda kika koma, komadre, ban rage komai ba, har warin ɗakin da kukan da kike dannewa da tsumma. Ya kawar da kai ya ce babu inda za ta, wa zai riƙe yara, wa zai dafa wa ma'aikata. Duk wannan Nimia ba ta ɗago ba. Ta ƙarasa fere rogon da ke hannunta, ta wanke wuƙa, ta shiga ɗaki. Can sai ga ta da jaka da ƙaramar 'yarta a kafaɗa. Ya miƙe ya tare matakala. Ta dube shi ta ce:

"Rusbel, in na mutu ma wasu ne za su tuɓe ni su wanke ni, kuma ba ka da ikon hanawa. Matsa mini."

Ya daɗe a tsaye kafin ya matsa. Bai yi mana sallama ba, amma muna shirin tashi ya sauko da jarkar mai ya dire a cikin jirgin, ya juya.

To ga amsarki, komadre. Ta shiga jirgin.

Sai dai ban gama ba. Yini guda tana zaune a gaban jirgi, ta ba ni baya. A rana ta biyu, muna fitowa babban kogi, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, tun Kirsimeti take ganin jini ba lokacinsa ba. Ta ce duk sanda ta tsorata sai ta tuna Baba ya karanta, sai hankalinta ya kwanta. Wata biyar ke nan. Da na je lokacin da kika fara ce mini in je, da na riga jinin nan isa da wata tara.

Ranar Talata wajen ƙarfe tara muka zo daidai Shiringal. Na bi ta bayan tsibiri kamar yadda kika umarta. Ta tsakanin itatuwa na hango rufin gidanki da hayaƙi na tashi, amma ban juya ba. Ashe a lokacin kina da sauran awa ɗaya. Da na yi ihu ɗaya wataƙila wani ya ji ya gaya miki. Muna shiga kwanar Nauta waya ta kama, kiran Lisbet ya shigo. Nimia ta ce mu koma. Na ce mata a'a, kuma wannan ne karo na farko a shekara biyar da na tabbata abin da na faɗa mata daidai ne. Ranar da aka binne ki muna kan benci a asibitin Iquitos.

Likita ta duba ta, ta ce akwai abu a wurin. Sun yanki ɗan kaɗan za su auna, sai nan da mako uku za a san inda ya kai. Nimia na can gidan wata 'yar uwar mahaifiyarta tana jira, kuma daga bakin likita za ta ji, ba ta hannun kowa ba. Tun daga Chambira ba ta sake ce mini Baba ba, ban kuma ga laifinta ba.

Ku da ke zaune a cocin nan kuna saurare, jirgin lafiya zai dawo a watan gobe. Ku je tun ba ku ji ciwon komai ba, domin wannan cuta ba ta yin sallama sai ta gama shiga. In takarda ta fito, ku kai wa wanda aikinsa ke nan, ku tambaya har sai kun gane, kada kunya ta sa ku gyaɗa kai. Duk wadda aka ce ta dawo, jirgina na bakin gaɓa, ko wace rana ce.

Don Abelardo, kai da ka sauke hannunka ranar da kake da hujjar ɗaga shi, Allah ya ba ka haƙurin wannan rashi. 'Ya'yanta da jikokinta, da Doña Celmira da ta rufe mata ido, da dukan matan da suka yi layi saboda ita, Allah ya sanyaya zukatanku, ya raya abin da ta bari. Ina roƙon gafararku a gaban jama'a, ko da ba za ku iya ba ni ita yau ba.

Ke kuma komadre, Ubangiji ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya hutar da jikin nan da ya sha wuya. Ban je kabarinki ba tukuna, ina riƙe da sharaɗinki har sai mako ukun nan sun cika. Tunda kin riga mu isa gabansa, kuma na san bakinki ba ya jin nauyin kowa, ki roƙa mana shi ya bar mana Nimia. Kada ya zama na makara sau biyu.

Amin.

Teobaldo Ahuanari, Shiringal